Wai me ake yi ne a majalisar dattawa a rana ta yau da kullum?

Ɗan Talaka: Salam 'yan uwa. Tambaya gare ni kuma don Allah masu sani su amsa min tsakani da Allah, ban da siyasa. Wai menene ainihin aikin majalisar dattawa a rana ta haka kawai, ba ranar rantsuwa ba, ba ranar da shugaban ƙasa ya kawo kasafin kuɗi ba? Don duk ƙasar da ka kalla a talabijin, Najeriya ce, Amurka ce, Ingila ce, kusan abu ɗaya za ka gani, mutum ɗaya a tsaye yana ta magana, rabin kujeru ba kowa, waɗanda ke nan ɗin ma wasu waya suke dannawa, can sai ka ji an ce an amince. An amince da me, su wa suka amince? Sannan in majalisar wakilai ta riga ta duba doka me ya sa sai an sake kai ta wani zauren an faro daga farko?

Tsohon Akawu: Wa alaikumus salam. Yaro ka yi tambaya mai kyau. Na yi shekaru ina aikin akawu a wata majalisa kafin na yi ritaya, bari in faɗa maka yadda rana take tafiya, kuma tsarin kusan ɗaya ne a duk ƙasashen da suka gaji salon Ingila. Tun kafin a shiga zaure an riga an buga takardar jadawalin ranar, kowane ɗan majalisa zai tarar da ita a kan teburinsa, duk abin da ba ya cikinta ba ya tasowa sai da izinin shugaba. Dogarin majalisa zai shigo da sanda a kafaɗa, shugaba na biye da shi, kowa ya miƙe, a ɗora sandar a mazauninta a kan tebur. In babu sandar nan babu zama. Sai addu'a. Sai a ɗauko rubutaccen bayanin zaman da ya gabata a bi shi shafi shafi, wani ya ce an rubuta sunansa ba daidai ba, wani ya ce an tsallake gyaran da ya kawo, a gyara a amince. Sai sanarwa da wasiƙun shugaban ƙasa, sai koke koken jama'a da sanatoci suka kawo daga mazaɓunsu, sai batutuwan gaggawa, sannan a shiga ƙudurorin doka da rahotannin kwamitoci.

Wurin da mutane ba sa kallo kuma shi ne wurin da ya fi muhimmanci, wato lokacin da majalisa ta rikiɗe ta koma kwamiti na kowa da kowa. Za ka ga dogari ya zo ya sauke sandar zuwa ƙasa, shugaba ya sauko daga kujerarsa ta sama ya zauna a teburin akawu, sannan a bi dokar sakin layi bayan sakin layi, ana tambaya wannan ya tsaya yadda yake ko a gyara. A nan ne ake canza kalma ɗaya ta juya ma'anar doka gaba ɗaya. Amma saboda babu ihu babu zafi, gidajen talabijin a daidai nan suke yanke shirin.

Ɗan Talaka: Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. To amma kujerun da ba kowa fa?

Tsohon Akawu: Wasu suna ɗakunan kwamiti, wasu suna ofis da baƙi, wasu kuma gaskiya ba su zo ba ne kawai, ba zan kare su ba. Amma ka sani doka ba ta ce sai kowa ya hallara ba. A Najeriya sashe na 54 na tsarin mulkin 1999 ya ce kashi ɗaya cikin uku ya isa a yi zama, kaga cikin sanatoci 109 in an samu 37 shikenan. Sashe na 63 kuma ya ce kowace majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. A Amurka rinjaye ake buƙata, 51 cikin 100, amma a aikace ɗauka ake yi adadin ya cika har sai wani ya tashi ya ce a ƙirga.

Maman Biyu: Baba ka yi haƙuri amma ni wannan maganar ta "aikin yana kwamiti" na gaji da jinta wallahi. Duk sanda aka ce ba sa aiki sai a ce ai kwamiti, to kwamitin wa ke gani? Majalisar dattawan Najeriya ta goma kwamitocinta sun haura 70, mutum 109, kaga kusan kowa shugaba ne ko mataimaki kenan, kuma mutum ɗaya sai ka same shi a kwamiti kusan goma, yaushe zai karanta takardun duka, yaushe zai zauna ya yi wa ma'aikata tambayar da za ta sa gumi ya keto wa babban sakatare? Ni a ganina yawan kwamitin rabon kujera ne don a faranta wa waɗanda suka zaɓi shugaba, ba don aikin ya yi yawa ba.

Tsohon Akawu: Hajiya ban musa miki ba ko kaɗan. Yawan kwamiti yana raunana kwamiti. Majalisar dattawan Amurka da duk girman gwamnatinsu manyan kwamitocinta na dindindin 16 ne, kuma kowanne yana da ƙwararrun ma'aikata da suka daɗe a kan fanni ɗaya. Abin da nake cewa kawai shi ne kada a auna majalisa da cikar kujeru. A auna ta da abin da ya fito daga hannunta.

Malamin Tarihi: Bari in shigo ta ɓangaren tambaya ta biyu, me ya sa zaure biyu. Dalilan ba ɗaya ba ne a ko'ina. A ƙasashen tarayya dalilin shi ne a daidaita ƙarami da babba. Amurka kowace jiha sanata 2 ne, Kalifoniya mai mutane kusan miliyan 39 da Wayomin da ba ta kai miliyan ɗaya ba duk ɗaya suke a zauren. Najeriya ta ɗauki wannan salon, jiha 36 kowacce 3, Abuja 1. Jamus kuma nasu daban ne, ba a ma zaɓen 'yan majalisar ta sama, gwamnatocin jihohi 16 ne ke turo wakilansu, ƙuri'u 69, kuma dole jiha ta jefa ƙuri'unta duka a gefe ɗaya, ba a rabawa. Suna zama kamar sau ɗaya a mako uku, ranar Juma'a, ba a saba tafi ko ihu ba, cikin 'yan sa'o'i su gama da batutuwa masu yawa saboda jami'an jihohi sun riga sun tace komai a kwamiti. Ingila kuwa tarihi ne ya bar musu tasu, ba zaɓensu ake ba, naɗa su ake, akwai kujeru 26 na manyan limaman cocin Ingila, kuma sai a 1999 aka kori yawancin masu gadon kujera aka bar 92 a lokacin.

Ɗan Talaka: To Malam waɗanda ba a zaɓa ba da wane ido za su hana dokar da zaɓaɓɓu suka yi?

Malamin Tarihi: Ai ba sa iya hanawa, jinkirtawa kawai. Dokokin 1911 da 1949 sun karya musu wannan ƙarfin, doka ta yau da kullum za su iya riƙe ta kamar shekara guda, dokar kuɗi wata ɗaya kacal. Amma abin da zai ba ka mamaki, a wajen gyaran doka layi layi mutane da yawa suna ganin sun fi majalisar wakilan ƙasar natsuwa. Dalili, a can duk gyaran da wani ya gabatar ana iya tattauna shi, gwamnati ba ta iya yanke musu lokaci yadda take yi a ɗaya zauren, ga tsofaffin alƙalai da likitoci da malaman jami'a da tsofaffin hafsoshin soja a ciki, da yawansu ba su da jam'iyya. Sai su gyara su mayar, wakilai su ƙi su dawo da ita, a yi ta kai da kawo har wani ya sassauta. Galibi na saman ne ke sassautawa a ƙarshe, amma kafin nan gwamnati ta karɓi gyare gyare da dama.

Sarkin Gardama: Duk wannan tarihin na ji amma ni ra'ayina a rushe ta kawai. Ba sabon abu ba ne. Niyu Zilan ta soke tata tun farkon shekarun 1950, Denmak 1953, Suwidin ta koma zaure ɗaya a 1971, Senegal ta soke a 2012 lokacin Macky Sall aka ce kuɗin a kai wa waɗanda ambaliya ta shafa, Muritaniya 2017. Ghana zaure ɗaya take da shi kuma ba wanda zai ce dimokuraɗiyyarta ta fi ta maƙwabtanta rauni. Wace ƙasa ce a cikin waɗannan ta rushe saboda babu sanatoci?

Ɗalibar Lauya: Yaya Sarkin Gardama ka lura da ƙasashen da ka lissafo kuwa, babu ta tarayya ko ɗaya a ciki, kuma yawancinsu ba su da yawan jama'a. Sannan akwai waɗanda aka tambayi jama'a suka ce a bar musu, Ailan a 2013 an yi ƙuri'ar raba gardama kan a soke, mutane suka ƙi da ɗan ƙaramin rinjaye, Italiya ma a 2016 sun ƙi yarda a rage wa tasu ƙarfi har firaminista Renzi ya sauka. Kenya kuma da ta soke tata a 1966 ita ce ta dawo da ita da tsarin mulkin 2010, kuma wannan majalisar ce ta zauna ta saurari tuhuma ta tsige mataimakin shugaban ƙasa Gachagua a Oktoban 2024.

Kuma akwai ayyukan da a wasu ƙasashe dattawa kaɗai ke yi. A Najeriya minista ba ya zama minista sai sun tabbatar da shi, sashe na 147. Sun ƙi Ibrahim Magu a shugabancin EFCC har sau biyu, Disamban 2016 da Maris 2017. Sun ƙi Lauretta Onochie a hukumar zaɓe a 2021. Sannan sashe na 5 ya ce ba a tura soja yaƙi wajen ƙasa sai da amincewarsu, shi ya sa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar da shugaban ƙasa ya rubuto musu kan matakan ECOWAS idon kowa ya koma kansu, suka fito suka ce a bi hanyar sulhu. Wannan ranar kaɗai ta isa ta nuna maka zauren ba ado ba ne.

Sarkin Gardama: Ƙanwata Magun da suka ƙi ai ya ci gaba da zama a kujerar a matsayin riƙo har 2020. To ina amfanin ƙin?

Ɗalibar Lauya: Wannan laifin ɓangaren zartarwa ne da ya ƙi bin abin da aka yanke, ba hujja ba ce ta a rushe mai yankewar.

Maman Biyu: Tunda an zo maganar tantancewa, ni abin da ke ƙona min rai shi ne a ce wa mutum ya rusuna ya wuce. Mutum za a damƙa masa ma'aikata guda, lafiyar miliyoyin mutane ko karatun 'ya'yansu, ya zo gaban zaure, saboda ya taɓa zama ɗan majalisa sai a ce ba sai an tambaye shi komai ba. Kuma sunayen ma ana turo su ne ba tare da an faɗi ma'aikatar da za a ba kowa ba, to tambayar me za ka yi wa wanda ba ka san ko noma za a ba shi ko tsaro ba? A Amurka ana faɗin muƙamin tun farko, kwamitin da ya san fannin ne zai zaunar da mutum sa'o'i yana juya shi, a tono abin da ya taɓa faɗa da harajinsa da komai, kafin a kai zaure.

Tsohon Akawu: Wannan gyara ne da ba ya buƙatar a taɓa tsarin mulki ma, majalisa ta ce ba za ta duba suna ba sai da ma'aikata a gefensa, magana ta ƙare. Ƙarfin yana hannunsu, amfani da shi ne sai sun ga dama. Ku duba Ostareliya, sanatoci 76 ne, amma sau uku a shekara suna da zaman bin diddigin kuɗi inda minista da manyan ma'aikata za su zauna tun safe har dare ana tambayarsu kuɗi kaza da aka ware me aka yi da shi, wa aka ba kwangila, me ya sa aka makara. Ma'aikatan gwamnatin can suna shafe makonni suna shirin wannan zaman don sun san ba sani ba sabo.

Injiniya: Ni kuma saɓanin ku, matsalata da majalisar sama ita ce ta cika jan ƙafa. Ku dubi Amurka, doka ta samu 55 cikin 100 amma ta mutu, saboda kafin a rufe muhawara a je ƙuri'a sai an samu 60. Dokar rufe muhawarar ma sai 1917 aka kawo ta, a 1975 aka mayar da ita kashi uku cikin biyar. Sanata Strom Thurmond a 1957 ya tsaya yana magana awa 24 da minti 18 don kawai ya tare dokar kare haƙƙin baƙaƙen fata, ku duba abin da aka yi amfani da wannan damar aka yi. Yanzu ma ba sai mutum ya tsaya ya wahala ba, ya nuna zai tare kawai ya isa. Su da kansu sun gaji, a 2013 suka cire sharaɗin 60 ɗin a kan yawancin naɗe naɗe, a 2017 suka cire a kan alƙalan kotun ƙoli. A Najeriya dokar man fetur tun 2008 take yawo a majalisa sai Agustan 2021 aka sa mata hannu. Shekara goma sha uku fa.

Malamin Tarihi: Injiniya jan ƙafa da sauri duk ana yi, abin tambaya shi ne me ake ja wa ƙafa me ake yi wa sauri. Dokar komawa tsohon taken Najeriya cikin ƙasa da mako guda ta ratsa zaurukan biyu aka sa mata hannu ranar 29 ga Mayun 2024. Kaga ashe in ana so ana iyawa. Majalisar sama kamar rariya aka yi ta, a zuba a tace tsakuwa ta tsaya, to in ramukan sun toshe ba abin da zai wuce, in kuma ta yage komai wucewa zai yi, duka biyun ba aikinta ba ne.

Ɗalibar Lauya: Ni fa duk cikin abin da aka faɗa ba a amsa tambayar Ɗan Talaka ta farko ba, wato "su wa suka amince". Kuma a ganina nan ne gizo ke saƙa. Ƙuri'ar murya. Shugaba ya ce masu goyon baya su ce eh, masu adawa su ce a'a, ya buga guduma ya ce masu eh sun yi rinjaye. Kunnensa ne ma'auni. Babu suna babu adadi, gobe kowane sanata zai iya komawa mazaɓarsa ya ce ni ban yarda ba aka fi ƙarfina, kuma ba ka da takardar da za ka ƙaryata shi. A Maris 2025 da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Ribas, sashe na 305 ya ce sai kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisa sun amince, a dattawa 73 kenan, amma da murya aka yi. Ta yaya kunne zai tantance 73 da 72? Ba ina maganar ko dokar ta dace ko ba ta dace ba ne, wannan wata muhawarar ce, ina maganar inda tsarin mulki ya faɗi adadi to dole a ƙirga.

Injiniya: Ba Najeriya kaɗai ba. Indiya a Satumban 2020 majalisarsu ta sama ta wuce da dokokin noma da murya alhali 'yan adawa na ta neman a ƙirga, aka yi hargitsi aka dakatar da mutum 8. Manoma suka fito suka yi zaman dirshan a bakin Delhi sama da shekara, a ƙarshen 2021 gwamnati ta janye dokokin. Da an ƙirga a ranar ko da gwamnati ce ta yi nasara aƙalla ba wanda zai ce an yi masa fashi.

Sarkin Gardama: To amma ku tuna ta-zarcen Obasanjo ma da murya aka kashe ta ranar 16 ga Mayun 2006, Ken Nnamani na kan kujerar shugaban majalisar dattawa. A lokacin ba wanda ya yi kukan ba a ƙirga ba, murna aka yi. Kenan in murya ta yi muku daɗi shiru, in ta ɓata muku rai ku ce a ƙirga?

Malamin Tarihi: Tambayarka tana kan hanya, amma ka tuna abin da ya gabaci wannan muryar. Kwanaki aka yi ana muhawara ana haskawa kai tsaye a talabijin, sanata ya tashi da sunansa da fuskarsa ya faɗi inda ya tsaya, mutanen mazaɓarsa na kallo. Kafin a zo ƙuri'a kowa ya riga ya san matsayin kowa, waɗanda aka sa ran za su goyi baya da yawa sun ja da baya saboda idon jama'a. Wato fitowa fili ce ta kashe ta. Kuma ko a ranar da an ƙirga da ya fi, don da yanzu muna da jerin sunayen a tarihi.

Tsohon Akawu: Bari in ɗan sassauta muku kaɗan. Ba zai yiwu a ƙirga komai ba. A rana guda shugaba zai iya sa tambaya sau hamsin ko fiye, a amince da bayanin jiya, a karɓi rahoto, a koma kwamiti, a dawo daga kwamiti, kowane sakin layi tambaya ce. In aka ce duk sai an kira suna ɗaya bayan ɗaya doka guda sai ta ci wata. Majalisar dattawan Amurka ma yawancin harkokinta na yau da kullum da "in babu mai ja" ake wucewa da su. Bambancin shi ne a can tsarin mulki da kansa ya ce in kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda ke zaure suka nema, dole a rubuta sunan kowa da abin da ya zaɓa, ba alfarmar shugaba ba ce. Kuma in za a tsallake ƙin sa hannun shugaban ƙasa dole ne a yi da suna. A Ingila in aka yi murya wani ɓangare ya ci gaba da ja, sai a tashi, masu eh su bi ta wannan zauren masu a'a su bi ta wancan, ana ɗaukar sunan kowa, kafin dare ya yi yana intanet.

Abin da ya kamata a nema shi ne a ware manyan abubuwa, karatu na uku na kowace doka, wato matakin ƙarshe na amincewa da ita, kasafin kuɗi, ciyo bashi, dokar ta-ɓaci, tabbatar da manyan muƙamai, a ce waɗannan ba a yin su sai da na'ura ko kiran suna. Sauran a bar wa murya.

Ɗan Talaka: Baba a Najeriya an taɓa ƙirgawa kuwa in ba gyaran tsarin mulki ba?

Ɗalibar Lauya: An yi. Yulin 2021, kan batun tura sakamakon zaɓe ta na'ura. Enyinnaya Abaribe yana shugaban marasa rinjaye ya tashi ya dage sai an rarrabe, Ahmad Lawan na shugabanci, aka kira su ɗaya bayan ɗaya. 52 suka zaɓi a sa sharaɗin sai hukumar sadarwa da majalisa sun yarda, 28 suka ce a bar wa hukumar zaɓe, 28 ba sa nan. Washegari jaridu suka buga sunayen duka. Waɗanda ba sa nan suka shiga fitowa suna bayanin inda suka je, su 52 ɗin nan suka sha tambaya, kuma kafin shekarar ta ƙare majalisar ta sake zama ta janye sharaɗin. Ƙuri'a ɗaya da aka rubuta da suna ta yi abin da shekarun ƙorafi ba su yi ba.

Maman Biyu: Allah ya yi miki albarka 'yata, wannan misalin ya shige ni. Amma ina da ƙari, ko an rubuta sunan wa zai karanta? Zaman duk da Turanci ake yi, rahoton da Turanci, jadawalin da Turanci irin na lauyoyi. Alhali sashe na 55 ya ce za a iya gudanar da harkokin majalisa da Hausa da Ibo da Yarbanci in an yi tanadin da ya dace, tun 1999 ake jiran tanadin. Indiya majalisarsu ta sama tun 2018 ɗan majalisa zai iya magana da kowanne cikin harsuna 22 da tsarin mulkinsu ya lissafa, ana fassarawa nan take. Akwai sanatocin da ake cewa ba sa magana, wasunsu ba rashin abin faɗa ba ne, tsoron a yi musu dariya a Facebook ne in suka yi tuntuɓen harshe, sai su zauna shiru shekara huɗu alhali mutanen da suka turo su na da damuwa cike da ciki.

Injiniya: Hajiya a nan kam muna tare. Na'urar fassara da na'urar ƙuri'a duk ba wani abin wahala ba ne a fasahance, maɓalli uku ne a gaban kowace kujera da allo a bango.

Sarkin Gardama: Ni har yanzu ina kan bakana na zaure ɗaya ya isa, amma bari in kawo muku wata matsalar a kan rubuta sunan da kuke ta yabo. Ba talaka kaɗai ke karanta jerin ba. Gwamna ma zai karanta, shugaban jam'iyya zai karanta, fadar shugaban ƙasa za ta karanta, kuma su ne ke riƙe da tikitin takara. Sanatan da a cikin hayaniyar murya zai iya cewa a'a ya ɓuya a cikin jama'a, in aka ce da suna ne sai ya ce eh don kada a hana shi tikiti. Kaga kun ƙara wa masu iko ƙarfin murɗe wuya kenan, 'yan amshin shatan da kuke kuka da su sai sun ƙaru.

Tsohon Akawu: Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da aka kawo a ɓangaren can, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma daga abin da na gani da idona a teburin akawu, masu iko ba sa buƙatar jerin suna, sun riga sun sani. Bulaliyar jam'iyya, wato sanatan da ke tabbatar da 'yan jam'iyyarsa sun bi layi ɗaya, aikinsa kenan, tun daren jiya ya kira kowa ya ji ta bakinsa, a zaure kuma yana zaune yana kallon bakin wa ya motsa, wa ya fita shan ruwa daidai lokacin da za a sa tambaya. Wanda ya turo shi zai samu labari kafin a tashi. Mutum ɗaya ne kawai ƙuri'ar murya ke ɓoye wa gaskiya, shi ne wanda ya yi layi a rana ya jefa ƙuri'a. In an rubuta, sanata zai shiga tsakanin tsoro biyu, na gwamna da na mazaɓa, ya auna wanne ya fi. In ba a rubuta ba tsoro ɗaya gare shi.

Sarkin Gardama: To Baba sai dai in zaɓen fid da gwani ya koma hannun 'yan jam'iyya na ƙasa, in dai wakilan jam'iyya 'yan ƙalilan, wato daliget, ne ke ba da tikiti tsoron gwamna zai ci gaba da rinjaya ko an buga sunan a jarida.

Ɗalibar Lauya: Shi ma ai dokar zaɓe ce ke tsara shi Yaya, kuma ta wannan zauren take bi. A 2021 sun sa zaɓen fid da gwani na kai tsaye ya zama dole, Buhari ya ƙi sa hannu a Disamba, suna da ikon tsallake shi da kashi biyu cikin uku ƙarƙashin sashe na 58 amma ba su yi ba, suka cire sharaɗin aka sa hannu a Fabrairun 2022. An taɓa tsallakewar kuwa, a 2000 kan dokar hukumar raya yankin Neja Dalta lokacin Obasanjo.